Hancin Motar Alhaji Mudi

Ba zan taɓa mantawa ba da makonni ukun da motar Alhaji Mudi ta yi a ƙofar rumfata, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini komai. Lokacin ba a daɗe da yanke mana Jihar Katsina daga Kaduna ba, ni kuma ban daɗe da gama makarantar koyon sana'a ba. Na dawo Funtuwa da takardar shaida, da mita mai allura, da farar riga irin ta likitoci wadda muke sawa a makaranta. Na kama rumfa a ƙarshen layin makanikai na hanyar Malumfashi, na rubuta "Injiniya" da fenti a jikin allo (ni na ba kaina sarautar, babu wanda ya naɗa ni).

Ranar farko da azahar, makanikan layin suka taru ƙarƙashin dalbejiya kan tiren shinkafa da wake. Baba Sale mai walda, wanda shi ne babbansu, ya ɗago kai ya ce mini, "Bismilla." Na dubi hannuwansu baƙi ƙirin da mai, na dubi farar rigata, na ce, "Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake." Ƙarya nake, rabona da abinci tun kokon safe. Daga ranar ba su sake tayi ba.

Wata biyar ina cin abincina ni kaɗai a bayan rumfa, ina jiyo dariyarsu. Ban da aboki, ban da mata, iyayena suna Mahuta. In na koma ɗakin haya, rediyo ke yi mini hira. Wallahi kaɗaici ya ci ni, amma girman kai ya hana ni taku goma zuwa gindin bishiya. Na ƙudurta cewa sai na yi wani aikin da ya gagare su, sannan su da kansu za su sake cewa bismilla.

Sai ga motar Alhaji Mudi, wani dillalin auduga daga Bakori. Irin kwancen nan ce da aka fara shigo da su daga Turai. Tana shan mai ba ji ba gani, tana fitar da baƙin hayaƙi. Makanikan layin suka buɗe bonet suna neman kafireto su wanke, suka tarar motar ba ta da kafireto sam. Daga ƙarshe Baba Sale ya ce wa direban, wani dogo mai suna Ɗanlami, "Kai ta wurin mai farar riga, ko littafinsa ya san ta."

Zuciyata ta yi fari ƙal. Da aka kawo motar, na tara makanikan na yi musu lacca. Na ce irin waɗannan motocin suna da wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi da ake ɗaurawa a bututun salansa, can ƙarƙashi. Aikinsa shinshina hayaƙi, ya aika labari ta waya guda ɗaya zuwa wani akwati da ke gefen ƙafar fasinja, akwatin kuma ya rage mai ko ya ƙara. Don su gane, na ce, "Ku ɗauka hancin mota ne."

"Ashe mota ma hanci gare ta," in ji Baba Sale. Babu wanda ya yi dariya, na ɗauka girmamawa ce.

Na sa Ɗanlami ya tada injin har ya yi zafi. Na zauna a kujerar gaba mai laushi, na jona mitata a bakin akwatin, inda wayar hancin take shigowa. In hanci lafiya lau yake, allura za ta riƙa rawa, ta hau ta sauka. Tawa ta kwanta a sifili ko motsi babu. Akwatin yana jin kamar mai ya yi kaɗan, shi ya sa yake ta antayawa. Har nan dai daidai nake. Abin da ya rage, kuma malaminmu ya sha nanata shi, shi ne a shiga ƙarƙashin mota a bi wayar nan da hannu daga akwati har zuwa hanci. To, an yi yayyafi da safe, ƙasa ta jiƙe, ga rigata da na goge da dutsen guga na gawayi. Na fito daga mota na kaɗe hannu, na dubi Alhaji da ke tsaye yana jira na ce, "Alhaji, hanci ya mutu. Man ƙasar nan ne ya kashe shi. Sai sabo."

Alhaji ya ce, "Injiniya, ka tabbata? Auduga ta kusa fara shigowa kasuwa."

Na ce, "Mita ba ta ƙarya."

A duk Funtuwa babu mai wannan abu. Emeka mai kayan gyara, haifaffen garin nan wanda Hausarsa ta fi tawa, ya juya zanen da na yi masa ya ce, "Malam, wannan sai Legas, kuma sai an yi haƙuri." Aka yi haƙurin mako uku. Alhaji mai jiki da babbar riga ya koma bin kasuwannin Bakori da Musawa a bayan babur. Ni kuwa kullum sai na goge motar, in tsaya kusa da ita daidai lokacin cin abinci don a gan ni. Ana ganina ɗin, amma babu mai cewa bismilla.

Ranar da hanci ya iso, layin gaba ɗaya ya taru, har da masu faci. Yanzu kam babu makawa sai an kwanta, don ba a ɗaura shi daga sama. Na shimfiɗa jarida, na zura jiki a hankali. Da idona ya saba da duhun wurin, sai na ga tsohon hancin nan zaune daram, da guntuwar waya tana reto a jikinsa. Sauran wayar, wadda ta tafi akwati, an naɗe ta sau biyar a bututun salansa an ƙulle da ƙarfen mota. Zafi ya narkar da robarta, jan ƙarfen ya manne da jikin mota. Dole allura ta kwanta.

Ina kwance a ƙarƙashin nan, gumi yana shiga mini kunne. (Zan faɗi gaskiya: na yi niyyar in gyara wayar a ɓoye, in ɗaura sabon hanci, in fito ina murmushi.) Na kai hannu ke nan zan warware ƙullin, sai ga Ɗanlami ya leƙo, ya ce da muryarsa mai kai wa ƙarshen layi, "Injiniya, kar ka kwance wannan wayar, ita ke riƙe da salansa. Ni na ɗaure a hanyar Musawa da ta faɗo. Na gan ta tana lilo ba ta aikin komai."

Na ji takun Alhaji ya matso. Ya ce, "Ɗanlami, yaushe motar ta fara shan mai?"

Ɗanlami ya yi lissafi, sannan ya ce, "To... kamar ranar ce."

Dariyar da ta tashi har ƙasan da nake kwance na ji ta. Ban fito ba. Na ɗauki lokaci na haɗa wayar da tsohon hanci, Baba Sale ya miƙo mini ƙarfe aka ɗaure salansa, aka tada mota, allura ta kama rawa, hayaƙi ya washe. Da na fito, jaridar ta zame tun tuni, bayana duk laka da baƙin mai. Alhaji bai yi faɗa ba, na kuwa so ya yi. Ya karɓi sabon hancin a kwalinsa, ya jefa aljihu, ya ce, "Mita ba ta ƙarya kam," ya shiga mota.

Kwana biyu ban buɗe rumfa ba. Babu wanda ya zo tambaya, don babu wanda ya san inda nake kwana. A na uku na fito da tsohuwar riga da kwalin kwanciya a hammata, na juya allon nan ya kalli bango. Da azahar na nufi bayan rumfa da ƙunshin rogona, sai na ji Baba Sale, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Likitan hanci, bismilla."

Bakina ya riga ni, har na ce "Alhamdu..." kafin in haɗiye sauran. Na ƙarasa gindin bishiyar, wani ya gyara mini wuri. Sunan nan ya bi ni har yau, jikokina ma sun san shi. Tun daga lokacin ba na cewa abu ya mutu sai na kwanta a ƙasa na bi wayarsa da hannuna, kuma ko a ƙoshe nake, in aka ce bismilla sai na ci loma biyu.