Ranar da Na Kawo Kogin Neja Kano

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, a shekarar da sojoji suka koma bariki. Makarantar 'yata Rabi da ke Sabon Gari ta shirya kacici-kacici na iyaye maza, Rabi kuwa ta riga ta cika baki gaban ƙawarta Ngozi cewa babanta zai kayar da na Ngozi.

Ni dai sabulu da madara nake sayarwa a kasuwar Singa. Mai ilimin gidanmu matata ce, Uwani, Allah ya jiƙanta. Tana ɗinki rediyo na gefenta, babu abin da ke wuce ta. (Duk labarin da nake burge majalisarmu ta Fagge da shi, a wurinta na ji da safe.)

Da muka ji tambayoyin na "gaskiya ko ƙarya" ne, sai muka ƙulla da Uwani: in gaskiya ce, za ta gyara ɗankwalinta, in ƙarya ce, ta zauna shiru.

Abin ya yi ta tafiya lafiya. A Bombay ake yin finafinan Indiya? Hannunta ya tashi zuwa ɗankwali, na ce gaskiya. Kalangu kiɗan maƙera ne? Shiru, na ce ƙarya. Har ya rage daga ni sai baban Ngozi. Na fara gyara hula.

Hedimasta ya ce, "Alhaji, ta ƙarshe. Kogin Neja ya ratsa ta cikin birnin Kano."

Wallahi ban saurari tambayar ba, Uwani nake kallo a ɓangaren mata. Ta gyara ɗankwali, har da hannu biyu. Na ɗaga murya na ce, "Gaskiya ne, babu shakka!"

Ashe ƙanin Rabi da ke goye a bayan Uwani ne ya fizge mata ɗankwalin.

Sai maman Ngozi ta miƙe ta ce, "Alhaji, don Allah ta wane layi ya bi? Mun gaji da sayen ruwan garuwa!"

Aka fashe da dariya. Ni da aka haifa a Fagge, ban san ruwan da ya wuce na rafin Jakara ba! Rabi ta kifa kai a cinya. Kafin Litinin, 'yan Singa sun naɗa ni Sarkin Ruwa.

A hanyar gida Rabi ta yi gaba tana fushi da ni. Uwani ce ta riƙo hannunta ta ce, "Haba Rabi, baban wa ya taɓa kawo wa garinsu kogi?" Yarinyar ta yi ta cijewa, ƙarshe dariyar ta ƙwace mata.

Na koyi cewa mai aron ilimi ya riƙa barin kunnensa a buɗe. Yanzu in an tambaye ni abin da ban sani ba, cewa nake ban sani ba. Amma har yau, kafin in faɗa, sai na ɗan waiwaya ɓangaren mata.