Ranar da Sallau Katanga Ya Lulluɓe Talabijin da Babbar Riga

Ranar Lahadi ce a tsakiyar damina, bayan La'asar. Hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya cak, bai zuba ba kuma bai watse ba, garin Tashar Gwadabe ya ɗauki gumi kamar an kife shi da madambaci. A wannan yini ne aka ƙaddara bayyanar sadaukin zamani, garkuwar dattawa, Sallau Katanga ɗan Bawale ɗan Jatau Mai Gora, Jatau ɗin nan da ya kori kura daga bayan gari shi kaɗai, ko da yake mahassada sun ce karen maƙwabta ne. Sallau, tsohon golan ƙungiyar garinmu, wanda a zamaninsa ba a taɓa zura masa ƙwallo ba sai in an bugo ta wajen raga. Katanga sha jifa! Ƙyauren ƙarfe gagara ɓarawo! Na Hansatu, ba a cin ka sai an yi niyya!

Fadarsa ita ce gidan kallon Ɗanjummai da ke bayan tasha: rumfar kwano, bencina, da talabijin guda a bisa kanta, wadda fanka ɗaya tilo da ke gidan take yi wa fifita ita kaɗai, jama'a kuwa kowa ya ji da zufarsa. Bencin gaba na dattawa ne, tsakiyarsa kuma na Sallau.

Tun kafuwar wannan daula akwai doka. Da an busa usur na hutun rabin lokaci, Ɗanjummai zai kashe janareta ya huta, rumfa ta yi duhu, kowa ya fito waje. Mai kama ruwa ya kama, mai sayen rake ya saya, sa'an nan a kewaye Sallau a gindin darbejiya, ya warware wa al'umma kurakuran gololin duniya ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa da hannu yadda da shi ne zai cafke. Wannan ɗan lokaci shi ne mulkinsa. A gida matarsa Hansatu ba ta barin sa ya kai aya, a kasuwa ba mai tambayarsa ra'ayi, amma a gindin darbejiya ko tari ya yi sai an saurara.

Sai ga fitinar ƙarshen zamani ta kunno kai. Labari ya zo cewa a wasan ƙarshe na babban kofin bana, masu shirya gasa sun ɗauko wata mawaƙiya daga ƙetare za ta cashe a tsakiyar fili lokacin hutu. Rundunar samari ta yi mubaya'a ga madugun tawaye, Nazifi mai gyaran waya, wanda ba kowa ba ne illa ɗan ƙanwar Sallau. Suka kai wa Ɗanjummai galan na fetur a asirce, Nazifi ya jefa rimot a aljihu, aka girke ƙarti biyu a bakin janareta.

Masu jar riga da masu farar riga suka yi ta fafatawa har aka tafi hutu babu ci. Sallau ya miƙe, ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya, domin golan masu farar riga ya yi wata fita ta ganganci da ke buƙatar dogon sharhi. Ya jira janareta ya mutu. Janareta bai mutu ba. Maimakon haka filin wasa ya yi duhu, hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta yi ta walƙiya, wata baiwar Allah ta ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa da rundunar 'yan rawa a bayanta, cikin tufafin da telansu ya yi rowar yadi. Samari suka kaure da ihu. Ba wanda ya dubi darbejiya.

"A'uzu billahi!" in ji Malam Ɗanliti mai goro, wazirin bencin gaba. "Ƙwallo muka zo kallo ko gala?"

"Haba Baba," in ji Nazifi daga baya, "ai ko a dambe ana kiɗa tsakanin turmi da turmi."

Sallau ya juyo kamar ingarman da aka ja wa linzami. "Kai Nazifi, ni za ka gaya wa dambe? Kiɗan dambe maza yake zugawa. Wannan wa take zugawa, 'yan wasan suna can ɗaki suna shan ruwa?"

"Mu take zugawa, Kawu."

Dariya ta girgiza kwano. Dattawa suka duba gabas, suka duba yamma, suka ga an yi musu ƙofar rago. Su fita, samari su mamaye bencin gaba, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka kafa rumfar. Su zauna, idanunsu su ga abin da ba za su iya maimaitawa a masallaci ba. Malam Ɗanliti ya rufe fuska da hula, sai dai hular saƙa ce mai huji-huji.

A wannan sa'a ta tsanani, da zukatan maza suke raurawa, jinin Jatau Mai Gora ya motsa. Sallau ya tuɓe babbar rigarsa ta shadda, wadda ba ya sa ta sai Sallah da wasan ƙarshe, ya saura daga shi sai singileti da wando. Ya taka benci, gwiwarsa ta yi ƙara kamar an karya kara, ya ɗaga rigar sama tamkar tutar yaƙi, ya yi kururuwa:

"Sai ni na Hansatu! Yau ko ni ko Shaiɗan!"

Ya watsa ta a kan talabijin kamar mai jefa birgi a kogi, ta lulluɓe ta ruf, gaba da baya, har ramukan shan iska. Kiɗa dai na tashi, amma hoto ya tafi.

Samari suka taso kamar fari, sai suka yi turus. Wa zai kama kawun Nazifi da kokawa? Nazifi kansa ya tsaya yana cizon yatsa, domin ya san in ya taɓa ko gefen rigar, kafin Magariba maganar ta isa kunnen uwarsa. Ɗanjummai yana ta faɗin, "Baba Sallau, iska! Tana son iska!" amma muryar talaka ba ta ratsa fagen fama. Dattawa suka yi kabbara.

Cikin wannan nasara ne Malam Ɗanliti ya kawo tambayar da ta rusa daula. "To Sallau, in an dawo ƙwallo ta yaya za mu sani?"

Sallau ya numfasa, ya dubi jama'arsa da idon tausayi. "Ni zan ɗauke wa al'umma wannan nauyi," ya ce. "Kowa ya kawar da kai."

Ya ɗaga gefen riga ya cusa kansa ciki, kamar masu ɗaukar hoto na da.

Daga nan abin da tarihi ya iya gani shi ne bayan singileti da ƙafafu biyu a kan benci. Da fari ƙafafun sun tsaya ƙyam kamar turaku. Can sai babban yatsan dama ya ɗaga, ya sauka. Ya sake ɗagawa. Diddige ta karɓa. Kafin a ankara kafaɗar hagu ta shiga sahu.

"Kawu, ya ake ciki?" in ji Nazifi.

"Fitina ce, ɗana," murya ta fito daga cikin shadda. "Ku gode wa Allah ba ku gani ba."

"Sallau, ba su gama ba?" in ji Malam Ɗanliti.

"Saura kaɗan. Ga wasu nan sun shigo da ganguna. Kai! Ka ga ɗan banzan can yadda ya wuntsila?"

"Wa zai gani, ka rufe?"

Samari suka fara tafi daidai da bugun diddigen sadauki, wayoyi suka tashi sama suna ɗauka. Malam Ɗanliti ya kama ƙafar wandonsa yana ja, yana kiran sunansa har da na ubansa, Sallau ya shure shi ba tare da ya san wa ya shura ba.

Sai aka ji ƙaurin roba. Sai aka ji fat! Kiɗa ya ɗauke. Hayaƙi siriri ya fito ta wuyan babbar riga, bayansa kuma kan Sallau, jiƙe sharkaf, hula a karkace, bakinsa bai gama rufuwa daga murmushi ba. A waje janareta na ta ruri, yana ba gawa wuta.

A daidai nan hadarin da ya yini yana shawara ya yanke hukunci. Rundunonin biyu, tsoho da yaro, suka kwasa cikin ruwa zuwa gidan kallon bakin kasuwa, suka tarar ya cika har an sa sakata. Suna tsaye a ƙofa ruwa na dukansu aka kece da ihu daga ciki. Masu jar riga sun ci, ƙwallo ɗaya tilo ta wasan, kuma golan masu farar riga ne ya sake irin fitar nan ta ganganci, wadda mutum ɗaya a duk garin ya hango, bai samu bakin faɗa ba.

Washegari aka ga taro a gindin darbejiya irin wanda ba a taɓa gani ba, samari zalla, Sallau a tsakiya. Ba wanda ya tambaye shi gola. Shi kaɗai ne a rumfar Ɗanjummai ya ga wasan mawaƙiyar daga shigar ganguna har mutuwar talabijin, don haka suka ce ya ba su labari. Ya ce abin ƙyama ne, ba zai ɓata bakinsa ba. Sa'an nan ya miƙe ya gwada musu yadda ta juya, don su san abin da za su guje wa. Malam Ɗanliti ya wuce ta gefen titi, bai yi sallama ba.

Abin da aka rasa a wannan yaƙi: talabijin ɗaya, babbar riga ɗaya da ta ƙone a wuya, galan ɗaya na fetur, takalmin Malam Ɗanliti na hagu da ruwan kwata ya tafi da shi, ƙwallo ɗaya da ba wanda ya ga shigarta a cikin rundunonin biyu, da wurin zama ɗaya a tsakiyar bencin gaba.