Dakta Ni-Na-Sani da Kafur ɗin Farfesa

"Ni fa ko ƙwayar zarra ta ji takuna sai ta nutsu!"

Haka Dakta Ni-Na-Sani ya faɗa mana a ɗakin gwaji, yana dukan ƙirji. Abokina, da ka ga mutumin nan da ka huta da tambaya: tumbi a gaba, tabarau a goshi, baki kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace. Kujerar shugaban ɗakin gwaji yake nema ido rufe, Farfesa kuwa, shugabar sashenmu, ta ce sai wanda ya kawo sakamako na gani na faɗa.

Aikinmu ba wuya a gane shi. Ka san kafur da ake sawa a akwatin kaya? To ƙwayoyinsa, waɗanda yawancin jikinsu kabon ne irin na gawayi, ba sa zama lafiya. A jere suke, amma kowace tana juyi tana karkarwa a mazauninta. Sai mu sa dunƙulen a gwangwanin ƙarfe, mu harba masa haske mai ratsa ƙarfe, irin na hoton ƙashi a asibiti. Yadda hasken ya tarwatse shi ke fitowa a allo tudu-tudu, daga nan muke karanta rawar da suke yi.

Dunƙule ɗaya tal muke da shi, garai-garai, wanda Farfesa ta yi wata da watanni tana reno kamar jinjiri. Shi gogan naka ya karɓa.

Na ce, "Dakta, a fara sanyaya shi tukuna, sannan a kunna famfon zuƙe iska. Ka san halin kafur, in ba sanyi bin iska yake yi."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Kai yaushe aka haife ka? Wannan tsarin ragwaye ne. Ni zuƙewa nake fara yi, sanyi ya biyo baya in na ga dama."

Ya danna famfo, ya tafi shan shayi.

Washegari tuddan da ke allo suka rage tsawo. Da mai hankali ne, da ya san akwai matsala. Shi kuwa sai ya yi tsalle har tabarau ya faɗo masa kan hanci.

"Kun gani? Sun fara ladabi!"

Aka ƙara kwana, tudu ya ƙara kwanciya, ɗaki kuma ya gume da wani ƙamshi mai hawa kai. Na ce, "Dakta, ba ka jin wari?"

"Warin hassada nake ji," in ji shi. "Masu shara ne suka canja sabulu."

Har uwargidansa ta bugo waya ina tsaye. Muryarta na fitowa raɗau: "Maigida, wai a cikin akwati kake kwana ne? Rigunanka duk sun ishe ni da atishawa!"

"Ƙamshin ilimi ne, Hajiya," ya ce, ya kashe wayar.

Ran da allo ya koma layi ɗaya miƙaƙƙe, ba tudu ba kwari, wallahi har ƙwalla sai da ya yi. Wai shi ne mutum na farko a duniya da ya hana ƙwayoyin kafur motsi, ba tare da sanyi ba ma. Ya kira taro. Ya gayyato Farfesa da malaman sashe kaf, ya haɗa da uwargida da surukinsa, dattijo mai sanda, don su ga irin mijin da Allah ya ba 'yarsu. Har ya sa aka goge kujerar shugaba aka ajiye a gefe.

Ya yi bayani har kumfa na fita. "Da can suna rawa kamar marasa mafaɗi. Da na shigo, tsit! Ko ɗaya ba ta ƙara motsawa ba."

Suruki ya gyaɗa kai. "Madalla da yaron nan."

Farfesa kuwa sai shaƙar iska take tana yamutsa fuska. Can ta ce, "Dakta, buɗe gwangwanin in gaisa da dunƙulena."

"Da girmanki, ranki ya daɗe!"

Ya kwance murfi yana murmushi, ya ɗaga gwangwani sama don kowa ya gani, ya karkata shi kan faranti. Shiru. Ya girgiza. Shiru. Ya leƙa da ido ɗaya, ya zura ɗan yatsa, ya bubbuga gindin. Wayam! Famfo ya zuƙe kafur tas, ya feso shi cikin ɗaki. Ashe duk kwanakin nan sakaran naka, gwangwani yake aunawa, shi ma wofi.

"Wataƙila... wataƙila ya maƙale ne," ya ce, yana ƙara leƙa gwangwanin.

Suruki ya jawo uwargida. "Ke, ina abin da ya ƙirƙiro ɗin? Idona ba ya gani sosai."

"Baba, ba laifin idonka ba ne," ta ce, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Farfesa ta miƙe, ranta a ɓace, ta nuna kujerar shugaba ta ce a mayar da ita inda aka ɗauko. Sannan ta yi wata atishawa mai ƙarfi, ta share hanci, ta dubi gogan.

"Dakta, waɗannan da ka ce ka hana su motsi, ga su nan sun iso har cikin hancina."