Hitar da Na Saya wa Bas Ɗina a Jidda

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kashe wutar gidan biki a Ɗa'ifa, a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa. Ko yanzu in na tuna, sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina zaune a unguwar Karantina a Jidda, ina jigilar mutane da wata tsohuwar bas mai cin gas wadda kafilina, ubangidan da ya tsaya min na zauna a ƙasar, ya bar min don shi ma ta ishe shi. Bas ɗin nan tana da hali. In gari ya waye sai ta yi ta tari, kar-kar-kar, sai ta ga dama take tashi. Ni kuwa ina son Rabi'a, haifaffiyar Jidda, 'yar Alhaji Isuhu na unguwar Sharafiyya. An kai gaisuwa, dattijon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a bar shi ya ga hankalin yaron. (Yaron ni ne, da shekarata talatin da uku.)

Ana nan sai bikin wata 'yar ƙanensa ya taso a Ɗa'ifa, tsakiyar hunturu. Alhaji ya aiko cewa ni zan kai su, mu kwana can, washegari mu dawo da amarya Jidda. Na san jarrabawa ce. Motar da ke tari a Jidda inda babu wani sanyin kirki, in ta kwana kan dutsen Ɗa'ifa ai sai dai a yi mata salla.

Akwai wani likita ɗan Kano da nake kaiwa asibiti, ya yi karatu a ƙasar ƙanƙara. Shi ya ba ni labarin cewa a can kowace mota tana da hita, a jona ta da wutar gida ta ɗuma inji kafin a tayar. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo min mafita.

Na shiga kasuwar kayan mota ta Bani Malik shago-shago ina tambayar hitar inji. Wani Bayamane ya dube ni, ya dubi rana, ya ce, "Ya akhi, a Jidda?" Ya kira maƙwabcinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Har na sha kwana ina jiyo dariyarsu. A raina na ce jahilci ne, ba su taɓa fita waje ba. (Ni da ban taɓa wuce garinmu Damagaram da Jidda ba.)

A ƙarshe na samu a tashlih, inda ake farke matattun motoci. Iri biyu ne. Ɗaya sai an kwance an cusa ta cikin ruwan inji, ɗayar kuma mai maganaɗisu ce, manna ta kawai za ka yi a ƙarƙashin inji wajen mai. Na zaɓi mai mannawa don ba ta buƙatar bakanike, kuma wayarta ta fi kyau. Mai wurin ya nuna min wani rubutu a jikinta yana cewa, "Miya wa ashara," wato wutar ɗari da goma take ci. Na ce masa halas, ya isa, na sani. Wallahi ban ma saurare shi ba.

A hanya Alhaji na gaba kusa da ni, mata na baya. Tun daga ƙasan dutse har muka haye, lacca nake yi masa a kan inji. Yadda sanyi ke daskarar da mai, yadda Turawa suka gano magani, yadda kanikawan Jidda ba su san komai ba sai kwance da ɗaurawa, har da yadda aka yi min dariya a kasuwa da na je neman hita. Shi dai yana jan carbi yana cewa, "To. Ikon Allah. To." Rabi'a na ta zaro min ido ta madubi. Na ɗauka burge ta nake yi, sai na ƙara murya.

Da asuba bayan salla, sanyi kamar zai cire hanci. Na murɗa makulli, bas ta ce kar, ta yi shiru. Maimakon in damu har daɗi na ji, ga ranar hita ta zo. Na shiga ƙarƙashi na manna ta, na ja doguwar waya na zura ta tagar kicin, na ce wa wata gwaggo da ke dama kunu ta jona min. Ta ce, "A wanne, ɗan nan? Soket biyu ne." Duk wanda ya zauna Saudiyya a lokacin ya san gida ɗaya wuta biyu ce, ƙarama ɗari da goma, babba ɗari biyu da ashirin. Na ce, "Gwaggo, sa a babbar, ta fi saurin ɗumi."

Ba a daɗe ba na fara jin ƙauri. Kafin in sunkuya sai ji kake fat! Hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bas, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Salati ya ɓarke a ciki. Ashe ana tsakar busar wa amarya gashi, ga masu guga, ga ruwan wankan baƙi bai yi zafi ba. Mata suka firfito suna bin waya da ido, daga taga har ƙafata.

Alhaji ya fito lulluɓe da bargo, riƙe da kofin shayi. Ya dubi waya, ya dube ni.

"Malam direba, motar ce za ta yi wanka?"

Na fara in-ina, wai fasaha ce, Baba. Ya ɗaga kujerar gaba, ya leƙa, ya taɓa kan batir, abin ya motsa a hannunsa kamar haƙorin tsoho. Ya cire cokalin shayinsa ya kankare farin dattin da ya taru, ya karɓi sufana ya ɗaure. Ya ce, "Yalla, murɗa."

Bugu ɗaya ta tashi. Tunda nake da bas ɗin nan ban taɓa jin ta tashi haka ba, munafuka.

Rabi'a ta matso, Hausarta a karye, ta ce, "Abba shekara ashirin da bakwai yana garejin manyan motoci. Ya Allah, duk hanya ina maka ido!" Na so ƙasa ta tsage in shige. Na riga na haƙura da ita, har na fara tunanin komawa gida noman gero.

Mun sauko dutsen, wannan karon babu lacca. Amarya na baya da rabin kai a bushe, tana harara ta. Sai da muka shigo Jidda Alhaji ya yi gyaran murya.

"Hankali dai ba ka da shi," in ji shi. "Amma ka ji tsoron kada ka bar iyalina a sanyi, har ka je aka yi maka dariya a kasuwa. Turo manyanka. Sharaɗi ɗaya: a gidan 'yata, ko fitila ce ta mutu, ka kira ni."

'Ya'yanmu huɗu yanzu, kuma har yau ban canza ƙwan fitila a gidana ba. Abin da na koya kuwa, kafin ka buɗe baki ka koya wa dattijo wani abu, fara tambayarsa sana'ar da ya tsufa a cikinta.