Harsashin Kawu a Kan Banda

Har gobe ina cewa laifin damina ne, ba nawa ba.

Kawuna da ya yi yaƙin Bama ya bar mini gadon harsashi guda. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, wani direba a Yelwa ya rantse mini Turawa na sayen irinsa kamar zinari, muddin bai yi tsatsa ba. Da ruwan sama ya jiƙa shi, sai na ɗora shi kan bandar kifin Inna ya bushe.

"Kai, ɗauke mini abin nan daga wuta," in ji Inna.

"Haba Inna, harsashi ba bindiga ai tsakuwa ne," na ce, har da dariyata.

Ban rufe baki ba muka ji tau! Kwanson ya tashi ya fasa randa. Inna ko gezau, tana juya kifinta. Ni kuwa daga ƙarƙashin wani kifaffen kwalekwale aka jawo ni.

Kuma fa ina da gaskiya, don kan harsashin bai je ko'ina ba, cikin toka aka tsince shi. Wa ya saurare ni? Yanzu ko murfin tukunya ya faɗi, sai masuntan garinmu su ƙame su sara mini: "Saje, a kifa maka jirgi?"