Bangon Inna Hassi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da tsaftata ta kusa hana ƙauyen Kekun Waje magani. Lokacin ina sabon ma'aikacin duba-gari na En'e a Gusau, da gajeren wando na kaki da girman kai wanda ya fi ƙarfin wuyana.

Ƙyashi ya addabi ƙauyen. Ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro ba, yana ɓuya a tsagar bango, cizonsa kuwa kan zama gyambo mai wuyar warkewa. Likita Bature ya sa muka fesa wani sabon magani a ɗakin wata tsohuwa, Inna Hassi. Bayan wasu kwanaki za a kamo ƙyashi a kife su da ƙoƙon gilashi a jikin bangon. In sun mutu, a fesa wa gari duka. In sun rayu, a mayar da gangunan maganin.

Inna ta fi kowa ɗokin abin. Jikanta Sani na da gyambo a kumatu, ga jaririyar ƙanwarsa da take ta lulluɓewa da zane. Kullum na je sai ta dama mini fura, tana kirana ɗanta.

Ana saura 'yan kwanaki gwaji na hau keke na je, na tsaya a tsakar gida ina hura hanci. Na ce, "Inna, babban baƙo na tafe. A gyara ɗakin nan, kada a ba ni kunya." (Shara nake nufi, amma babban ma'aikaci ina shi ina dogon bayani?)

Ranar gwaji gari ya taru. Na kife ƙoƙon, na tsaya ina yi wa jama'a lacca. Muka jira, muka ƙara jira. Ƙyashi sai tsalle suke kamar an kai su biki. Likita ya girgiza kai ya ce maganin bai yi ba. Na ga Inna ta jawo Sani jikinta.

A nan ne na lura bangon ya yi sumul, har da zane-zane. Na ce, "Inna, me ya sami bangon?"

Ta ce, "Ai kai kac ce a gyara, ɗana. Ni da maƙwabta munka kwaɓa ƙasa munka yaɓe shi sabo, munka shahe da hwarar ƙasa. Baƙo na zuwa, in bar mashi bango duk tsaga?"

Maganin duka yana ƙarƙashin yaɓe. Kuma ni ne tafinta, da bakina na juya wa likita wautata kalma kalma, gumi na bin ƙeyata. Da Inna ta ga fuskarsa ta yi ja, ta shiga tsakaninmu ta ce, "Gaya mashi laihina ne, kada ya taɓa min ɗa." Wannan kam ban fassara ba, hawaye ya hana ni.

Aka sake feshi, ƙyashi suka zube, gari ya samu magani. Jaririyar nan ta girma fuskarta ba tabo. Ni kuwa har na bar aiki, daga Bungudu zuwa Tsafe, Malam Gyara-ɗaki ake kirana.

Tun ranar, in na ce a gyara ɗaki, nakan miƙa tsintsiyar da hannuna.