Ranar da Na Manta da Masu Tsere

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da yake shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini.

Lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai ba, aka turo ni Sakkwato, makarantar da Turawa suka buɗe, aka ɗora mini wasanni a kan gwaji. In na yi kyau a tabbatar da ni, in ban yi ba a mai da ni ƙauye. Ƙwallo ni, tsere ni, tsalle ni, langa ni. Don kada wani abu ya kuɓuce mini, kullum ina rataye da usur, agogo a hannun dama, takarda a hagu, fensir a kunne. (Ina jin a lokacin na ɗauka yawan kaya shi ne ƙwazo.)

Kokawa kaɗai ba tawa ba ce. Wani tsohon ɗan kokawa ake ɗaukowa daga wajen da yanzu ake kira Gawon Nama, muna ce masa Baba Gagare. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba. Zama yake yi a kan buzu, in 'yan kokawa suka kama, ko gaishe shi ka yi ba zai amsa ba sai an yi kaye. Na taɓa ce masa, cikin ladabi dai, ko zai riƙa duba mini masu langa tunda a zaune yake.

Ya ce, "Malam, idona biyu, amma wuri guda suka dubi."

A raina na ce lalaci ne. Allah ya yafe mini.

Ranar wasannin shekara Baturen makarantu ya zo, iyaye sun cika fili. Don in nuna masa iya tsari, na haɗa tseren zagaye huɗu da dogon tsalle a lokaci guda. Na busa usur masu tsere suka tashi, na ruga ramin tsalle da igiyar awo. Gardama ta kaure a kan ko wani ya taka layi. Na auna, na sake aunawa, na rubuta, na goge.

To, ni da bakina na horar da ɗalibaina cewa ba mai tsayawa sai ya ji usur. Kuma ɗan Sakkwato na wancan zamani ba zai tsaya a gaban ubansa ya saɓa wa malami ba. Suka yi ta zagaya fili cikin rana.

Ina durƙushe sai na ji an dafa kafaɗata. Baba Gagare ne.

"Malam, ɗiyan ga zagaye tara sunka yi. Makka za su?"

Na busa usur. Yara suka zube a ƙasa. Filin ya yi tsit, sai dariyar wani liman da ya kasa riƙe ta.

Bature ya matso ya ce, "Malam, wa ya ci?"

Na dubi takardata. Awon tsalle ne kawai a ciki.

Sai Baba, ba tare da ya ɗaga murya ba, ya faɗi wanda ya zo na ɗaya a zagaye na huɗu, da na biyu, har na shida. Ya ce da na ukun ne zai ci, amma ƙaya ta soke shi a ƙafar hagu tun zagaye na biyu. Aka ɗaga ƙafar yaron, ga ƙaya. Mutum ba agogo, ba takarda, daga can kan buzunsa.

Na raɗa masa, "Baba, yaya aka yi?"

"Ba a soma kokawa ba. Mi zan duba in ba su ba?"

Ba a mai da ni ƙauye ba, amma an ƙara mini shekara guda ta gwaji, kuma Bature ya ce kowace Laraba in je in zauna kusa da Baba, hannu wofi. Wata uku na yi kafin in iya kallon kokawa guda ba tare da na laluba aljihu ba. Abin da na koya, in har na koya, shi ne mai duba abu biyu bai ga ko ɗaya ba, sai dai ya fi kowa gumi.

Wasu sun ce zagaye bakwai ne, ba tara ba. Duk wanda ya halarci wurin kuma yana raye, don Allah ya aiko mini da gyara. Ni dai ban ƙirga ba.